Wa Ke Riƙe Da Makulli? Tarihin Ƙofa A Damagaram, Daga Ganuwar Tanimu Zuwa Rimot

 

Yau zancen ƙofa za mu yi. Wani zai ce ƙofa kuma, duk matsalolin da ke gabanmu? I, ƙofa. In kuna bin sabbin unguwannin bayan gari, ko kuna wucewa ta gaban wasu ma'aikatu, wataƙila kun fara ganin mota ta tsaya gaban gida, direba bai danna oda ba, bai kira kowa ba, sai ƙyauren ƙarfe ya zame gefe da kansa, mota ta shige, ya koma ya rufe. Irin waɗannan gidaje ba su yi yawa ba tukuna a garin nan, amma duk wanda ya san yadda muke da son kwaikwayo ya san ba za a daɗe ba su yawaita. Masu zuwa sari Kano da Yamai da Dubai sun fara shigo da kayan: inji, rimot (masu Faransanci su ce telekomand), fitila mai walƙiya, da ɗan akwatin da ake sa wa layin salula. Tun kafin abin ya zama ruwan dare, ya kamata mu waiwaya mu ga yadda kakanninmu suka yi da wannan tambaya ta wa zai shiga, wa zai tsaya waje, da kuma wa ke yanke hukuncin. Garin nan ya daɗe yana amsa ta.

Daular Damagaram ta faro ne a shekarun 1730, ƙarƙashin inuwar Borno, kuma sai a farkon ƙarni na 19, zamanin Sarki Sulaiman, aka tsai da Zinder ta zama mazaunin sarauta. Abin da ya ɗaga garin shi ne hanya. Ayarin da ya taso daga Tarabulus ya biyo ta Gat da Abzin, in Kano ya nufa ko Kukawa, da wuya ya kauce wa nan. Gishirin Bilma, takarda, sukari, yadi da takubba suna gangarowa kudu. Ƙiraga, gashin jimina, hauren giwa da bayi suna hawa arewa. Baturen Ingila James Richardson ya sauka garin a farkon 1851, zamanin Sarki Ibrahim, ya rubuta abin da ya gani na cinikin bayi da tsananin hukunci. Bayansa Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya iso a ƙarshen Disamba 1852 ya yi kusan wata guda yana jiran kayansa, kuma ya kwatanta garin da ƙofar shiga ƙasar Sudan ga mai fitowa daga sahara. Kun ga ke nan tun kafin a yi zancen ƙofofin birni, garin kansa ƙofa ne.

Wanda ya mai da wannan matsayi ya zama ƙarfi shi ne Sarki Tanimu ɗan Sulaiman, wanda ya zauna kan gado har zuwa 1884. A shekarun 1850 ya ɗaga babbar ganuwar Birni. Turawan da suka gan ta da idonsu a ƙarshen ƙarnin sun ce tsayinta ya kai kamar mita 10, gindinta mai kauri ƙwarai, tana sirancewa zuwa sama, da ƙofofi bakwai. Tanimu ya tara bindigogi masu yawa, ya kuma sa maƙera suna zuba igwa a cikin garin nan, abin da ba kowace masarauta ta yankin ta iya ba. Ganuwar nan saƙo ce ga maƙwabta, saƙo ce kuma ga Kukawa, inda a da Shehun Borno ke da bakin magana kan wanda zai hau gadon Damagaram.

Mu ɗan tsaya kan yadda irin wannan ƙofa take aiki, don a nan darasin yake. Ƙofar birni a ƙasar Hausa soro ce mai zurfi da aka huda cikin kaurin ganuwa, ƙyaurenta na katako mai nauyi da aka ɗaure da ƙarfe, ana danne shi ta ciki da gungumen sakata. Wanda ya taɓa shiga Gidan Makama a Kano ya ga samfurin irin waɗannan ƙyamare na tsofaffin ƙofofin can. Amma nauyin ƙyaure ba shi ne tsaron ba. Tsaron yana hannun mutumin da ke zaune bakin ƙofa, wanda a Kano ake kira sarkin ƙofa. Shi ya san fuskar mai itacen da ke shigowa kowace safiya, ya san wannan jakin na wane ne, ya san baƙon da bai taɓa gani ba. Da rana ta faɗi a rufe, wanda ya makara ya kwana waje. Labarin wanda ya shigo da abin da ya ɗauko yakan isa fada kafin shi ya isa masaukinsa. Duk abin da masu sayar da na'urorin yau ke tallatawa, wato gane mai zuwa, ajiye lissafin shiga da fita, da aika wa mai gida labari, mutum ɗaya ne ke yin sa da ido da ƙwaƙwalwa.

Kada kuma mu yi wa tarihin kwalliyar da ba ta dace ba. Ganuwar da muke alfahari da ita da gumin talakawa da bayi aka gina ta, kuma ƙofar da ke hana mahara shiga ita ce ke hana bawa fita. Wanda aka kamo daga wani ƙauye aka shigo da shi ta ɗaya daga ƙofofin nan bakwai, ba zai ba da labarinta yadda ɗan sarki zai bayar ba.

Sai kuma Zango. A ganinmu Zango ita ce dabarar da ta fi ganuwar kanta hikima. Maimakon a bar fatake da raƙumansu da makamansu su kwana cikin Birni, sai suka samu nasu mazauni daga waje, arewa da ganuwa. Abzinawa, Larabawan Gadamus da na Tarabulus, da attajirai irin su Malam Yaro, can suka yi gidajensu da rumbunan kayansu. Baƙo ba ya shiga harkar gari sai ta hannun mai masaukinsa, wanda ya san shi, ya tsaya masa, in ya yi ɓarna shi za a nema. Kuma su Abzinawan nan sun zo da tasu fasahar kulle. Maƙeransu suna ƙera wani kwaɗo na ƙarfe da tagulla da suke kira tanast, wanda ake kulle jakunkunan fata da shi, wasu ba sa buɗuwa sai an yi amfani da makulli biyu ko uku bi da bi, kowanne ya buɗe hanyar na gaba. Yau in banki ya ce sai ka sa lambar sirri sannan ka sa wata da aka turo maka a salula, ai tunanin ɗaya ne, maƙerin Abzin ya riga su.

To ina ganuwar ta kai mu ranar da aka fi bukatarta? A watan Mayu 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa da tafintansa a nan Zinder, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, saboda ana zargin zai je ya haɗa kai da Rabe. Shekara ta zagayo, a ƙarshen Yuli 1899, ragowar rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta bar gawawwaki da toka tun daga bakin Kwara, ta iso ƙarƙashin Laftanar Pallier. Ba a bakin ganuwa aka yi karon ba, a Tirmini aka yi shi, yamma da gari. Da aka karya rundunar Damagaram a fili, sarki ya fice, Nasara suka shiga Birni ba tare da sun fasa ko ƙyaure ɗaya ba. A watan Satumba aka cim ma Kuran Daga aka kashe shi. Faransawa kuma suka gina barikinsu kan duwatsun da ke leƙen Birni, suka sa masa sunan Cazemajou. Daga can sama, mai bindiga yana ganin tsakar gidan kowa, ganuwa mai mita 10 ta zama ado.

Abin da ya biyo baya kun san shi. A 1906 aka zargi Sarki Amadu ɗan Basa da shirya tawaye, aka tuɓe shi aka kai shi Kwaddibuwa, aka ɗora Ballama, bawan fada, ya riƙe gari, sai a 1923 aka mai da sarauta gidanta da naɗin Barma Mustafa. Daga 1911 Zinder ce babban birnin yankin mulkin soja na Nijar, har 1926 da aka kwashe hedkwata aka kai Yamai. Daga nan ganuwa ta rasa mai yi mata yaɓe. Damina ta ci rabonta, masu neman ƙasar gini suka ci nasu, hanyoyin mota suka ratsa. Abin da ya rage yau guntaye ne nan da can. Tun 2006 Birni da fadar sarki suke cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO don neman a sa su cikin kayan tarihin duniya, amma a farkon Satumba 2024 muna ji muna gani tsohon masallacin Birni, ginin tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe saboda ruwan sama. Wannan wani zance ne mai ciwo da za mu ware masa rana tasa.

Abin mamaki, a shekarar nan ta 1926 da aka ɗauke mana hedkwata, a wani ƙaramin gari da ake kira Hartford City a jihar Indiyana ta Amurka, wani mutum mai suna C. G. Johnson ya haɗa injin lantarki na farko mai ɗaga ƙofar gareji. Shekara biyar kafin nan shi ne ya fito da ƙyauren da ake naɗewa sama. Wato lokacin da ƙofar gari take mutuwa a wurinmu, ƙofar mota take haihuwa a wurinsu. Za mu dawo kansa.

Da ƙofar birni ta daina aiki, nauyin ya koma kan zaure. Ku zaga Birni da Zango ku dubi tsofaffin gidajen nan masu zanko da zanen dagi a goshi: ƙofar ƙarama ce, wani wurin sai ka sunkuya, kuma in ka shiga ba ka ganin cikin gida, domin ƙofa ta biyu ba ta kallon ta farko. Baƙo ya yi sallama ya tsaya, a aiki yaro ciki, mai gida ya fito. A zauren ake karatun allo, a nan ake ɗaurin aure da raɗin suna, a nan matafiyi ke kwana, a nan almajiri ke tsayawa da ƙoƙonsa. Zaure yana tace mutane ba tare da ya kore su ba. Da dare a tura ƙyaure a sa sakata, in da hali a maƙala kwaɗo.

Mota ce ta kashe wannan tsari, ba ɓarawo ba. Mota ba ta shiga zaure, ba ta ma shiga wasu lungunan Birni. Da aka fara yanka filaye a sabbin unguwanni da tituna miƙaƙƙu, sai gini ya sauya: katangar siminti, babban ƙyauren ƙarfe mai ganye biyu daga wurin masu walda, da ƙaramar ƙofa a jikinsa ta masu tafiya ƙasa. Ƙyaure irin wannan yana son mai buɗewa, daga nan sana'ar gadi ta bunƙasa. Bayan farin 1973 zuwa 1974, da na 1984, Buzaye da yawa da dabbobinsu suka ƙare sun gangaro garuruwa, daga nan har Kano da Legas, suka kama gadin gidaje da shaguna, da rawaninsu da takobinsu da butar shayi. Jikokin masu ayari da masu tanast suka koma buɗe wa motar wani ƙofa. A unguwannin talakawa kuwa, inda ba mai kuɗin ɗaukar mai gadi, ƴan fada ne ke wannan aiki ba tare da an ɗauke su ba. Samarin da ke zaune kan benci bakin titi suna dafa shayi har ƙarfe biyu na dare, mu dai yi ta ƙorafin hayaniyarsu, amma ɓarawo ya san lungun da ke da fada ba wurin wasa ba ne.

Kuɗi sun ƙara shigowa wasu hannaye bayan buɗe matatar SORAZ a Nuwamba 2011, gine-gine suka ƙaru, katangu suka ƙara tsawo, aka fara ɗora musu waya mai ƙaya. Tarzomar Janairu 2015, wadda aka ƙona coci-coci da cibiyar al'adun Faransa a cikinta, ta ƙara wa ma'aikatu da ƙungiyoyi tsoro. Ƙofa mai inji ta shigo ne a cikin wannan yanayi.

Bari mu buɗe cikinta, don mai saye ya san abin da yake saye. A Amurka ƙofar gareji sama take naɗewa, a wurinmu kuwa wadda ta fi dacewa ita ce mai zamewa gefe kan layin ƙarfe. Ana liƙa wa ƙyauren wata doguwar sanda mai haƙora, injin yana ƙasa da nasa ɗan gargare mai haƙora, in ya juya sai ya tura ƙyauren. Akwai allon lantarki a ciki, shi ne ƙwaƙwalwar, shi ke karɓar saƙon rimot, ya san inda zai tsaya, ya kuma ƙirga daƙiƙun da zai jira kafin ya rufe da kansa. Sanannun sunaye a wannan harka su ne FAAC, Nice, CAME da BFT na Italiya, Somfy na Faransa, da Centurion na Afirka ta Kudu, sai kuma tarin na Cana marasa suna, masu araha. Na Afirka ta Kudu sun yi fice a nahiyar nan don dalili ɗaya: injinsu da batir yake aiki, wutar gari caji kawai take yi masa, domin su ma sun san ɗaukewar wuta.

Rimot ɗin kansa yana da tarihi. Na farko-farko duk saƙo ɗaya suke aikawa, har mutum ya danna nasa ƙofar maƙwabci ta buɗe. Sai aka sa musu ƴan maɓallai a ciki da mai gida zai jera yadda ya so. Mai maɓalli 8 yana ba da lamba 256 kacal, mai 12 ya ba da 4,096. A 2015 wani mai binciken tsaro a Amurka, Samy Kamkar, ya nuna cewa da wani abin wasan yara da ya sauya wa aiki yana iya gwada dukkan lambobin nan ya buɗe irin wannan ƙofa cikin ƴan daƙiƙu. Maganin an same shi tun shekarun 1990: lamba mai sauyawa, wadda duk dannawa ɗaya rimot da inji suke matsawa zuwa sabuwar lamba tare, ta jiya ba ta buɗe ta yau. Ɗaya daga cikin fitattun tsare-tsaren nan, KeeLoq, a Afirka ta Kudu aka ƙirƙiro shi kafin kamfanin Microchip na Amurka ya saye shi. To jama'a, har gobe kasuwa cike take da masu tsayayyar lamba, kuma ana sayar da rimot na kwafi wanda in an kanga shi kusa da naka na ɗan lokaci zai haddace saƙon. Mai wankin mota, yaron gareji, duk wanda ka miƙa wa makullan motarka da rimot a rataye, ya samu dama. Araha ba ta ado. In mai sayarwa ya ce zai iya kwafa maka rimot nan take a kan tebur, to wani ma zai iya.

Abin da ya fi damunmu ma ba ɓarawo ba ne, yara ne. Ƙyauren ƙarfe mai faɗin shigar mota yana da nauyin ɗaruruwan kilo, kuma inji ba ya jin kuka. A Amurka sai da yara da dama suka mutu ƙarƙashin ƙofofin gareji kafin majalisarsu ta yi doka a 1990, wadda ta tilasta cewa daga farkon 1993 duk injin da za a sayar sai yana da kariya ta biyu. Wannan kariyar ita ce idanu biyu da ake kafawa ƙasa-ƙasa a gefe da gefen ƙofa, ɗaya yana aika wani haske da ido ba ya gani, ɗayan yana karɓa; da wani abu ya gitta, ƙofa ta tsaya ta koma baya. Gidajenmu kuwa kun san su: yara goma a tsakar gida, na maƙwabta suna shigowa, awaki suna bi, almajiri yana laɓe jikin ƙyaure yana jiran a buɗe. Amma idanun nan su ne abu na farko da ake cirewa daga lissafi in ana neman ragi. Wasu kuma sun sa, hunturu ya zo ƙura ta rufe gilashin, ƙofa ta ƙi rufuwa, maimakon a goge da tsumma sai a kira mai gyara ya haɗe wayoyin ya kashe su gaba ɗaya. Wannan ganganci ne da rai, ba mu da wani suna da za mu ba shi. Haka kuma mai walda ya tabbata ya sa tokare mai ƙarfi a ƙarshen layi da maƙalai a sama, domin ƙyauren da ya zarce layinsa faɗowa yake yi gaba ɗaya, ko da inji ko babu.

Yanayinmu ma ba ya raga wa kayan. Rairayi yana cika layin ƙasa sai an riƙa sharewa. Zafin Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, yana gajarta ran batir. Tsaka da tururuwa suna son ɗumin akwatin, su shiga su haɗa wuta a kan allon. Tsawar damina da wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke ta sukan ƙona ƙwaƙwalwar, wadda kuma ba a ɗaure ta da waya a gyara kamar injin babur, sai an aika Kano ko Yamai.

Ga kuma babbar magana, kuran. Wutar da muke sha a nan, kaso mai yawa daga Najeriya take zuwa ta layin Katsina. A farkon Agusta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar a cikin takunkumin CEDEAO, aka kuma rufe iyaka, har sai bayan ɗage takunkumin a ƙarshen Fabrairu 2024 abubuwa suka fara komawa. Duk mun ɗanɗana. A watannin nan wutar da za ta motsa injin ba ta zuwa, hanyar da za a kawo kayan gyaransa ita ma a rufe. Wanda zai sa ƙofa mai inji a Damagaram bai haɗa ta da batir da farantin sola ba, ya sayi abin kallo ne kawai.

Sabon yayi shi ne buɗewa da salula, kuma iri biyu ne. Akwai akwatin da ake sa wa layi, na Airtel ko Moov ko Zamani, a shigar masa da lambobin mutanen gida. In ɗayansu ya yi masa bip sai ya katse kiran ya buɗe ƙofa, ba a ci ko dala ba, in baƙuwar lamba ce ya yi banza da ita. Wannan ya dace da mu, ba ya son intanet, kuma ranar da ka sallami direba sai ka goge lambarsa, ba sai ka bi shi karɓar rimot ba. Sai dai a tuna da layin, in an bar shi ba a sa masa kuɗi kamfani zai rufe shi. Iri na biyu shi ne mai manhaja, wanda ke bi ta intanet: kana Makka ko Kotonu ka ga wanda ke bakin ƙofarka ta kyamara, ka yi magana da shi, ka buɗe masa, ka kuma ga lissafin duk lokacin da aka buɗe. Daɗi kam akwai. Amma saƙon naka sai ya je wata kwamfuta a Cana ko Turai ko Amurka kafin ya dawo ƙofar gidanka. A ƙarshen 2023 kamfanin Chamberlain, mai tsarin myQ da miliyoyin gidaje ke amfani da shi a Amurka, ya toshe wa manhajojin wasu kamfanoni hanyar sarrafa injinansa, mutanen da suka sayi kayansu da kuɗinsu suka wayi gari tsarin da suka haɗa ya daina aiki. Mu nan kuma ba mu manta ba, bayan zagaye na biyu na zaɓen Fabrairu 2021 an katse intanet na salula kusan kwana goma. Mai tsaron ƙofar Tanimu aƙalla a garin yake kwana, ana iya zuwa a tashe shi.

Akwai kuma abin da ba a rubuta shi a jikin kwali. Kowace ƙofa mai inji tana iya zama albashin mai gadi ɗaya da ya tafi, a garin da samari ke yawo ba aiki. Mai gadi yana karɓar saƙo, ya kori akuya, ya san yaron da ya fita ba da izini ba, ya ce wa baƙo mai gida ya tafi masallaci, zauna ga tabarma. Gidan da ba zaure, ba mai gadi, sai ƙarfe da kyamara, dattijon da ya taso daga ƙauye neman ɗan'uwansa, ba shi da lambar kowa, a rana zai tsaya yana buga ƙarfe da dutse. Ba mu ce kada a sa inji ba. Matar da ke dawowa daga aikin dare a likita ita kaɗai a mota, ko tsohon da ƙafa ta hana shi jan ƙyaure, sun fi kowa cancantarsa. Amma masu zanen gidajenmu su bar ƙaramar ƙofa ta mutane daban da ta mota, da ƴar rumfa da dakali a gabanta. Kuɗinsa bai kai na rimot biyu da kyamara ba.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne wanda aka fi mantawa. Kowane injin kirki yana da wani ɗan makulli a jikinsa na kwance shi daga ƙyauren, don a iya turawa da hannu in wuta ta ƙare ko ƙwaƙwalwa ta ƙone. Sau da yawa wannan makulli yana rataye tare da makullin motar mai gida, mai gida kuma yana Yamai. In tukunyar gas ta kama a kicin, ko naƙuda ta taso tsakar dare, matan gida da yara suna bayan katanga mai waya da ƙyauren da ba ya motsi. Ranar da mai haɗawa ya gama aiki, kafin a biya shi cikon kuɗinsa, a tara uwargida da manyan yara da mai aiki, ya nuna musu yadda ake kwancewa, kowa ya gwada da hannunsa, a yanka makullin ya zama biyu ko uku, a rataye ɗaya a ƙusa cikin gida inda babba zai kai, ƙaramin yaro ba zai kai ba.